Ambulan ɗin Oga Alex

Litinin, 2 ga Afrilu, 1973

An liƙa takardar gasar ces a ƙofar kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa. Mista Rufus, sakataren kulob, ya tare ni a hanya ya ce wai ya riga ya rubuta sunana. Wa ya aike shi? Na ce masa ni malamin makaranta ne, ba ma'aikacin jirgi ba. Ya ce mutum goma sha biyu ake so, ga su sha ɗaya, kuma duk Kafanchan an san wanda ya koya mini darar Turawan nan, saboda haka kada in kawo masa iyayi. To ai shi ne dalilin da ba na so. Ban dai faɗa masa ba.

An ba da hutu. Mangwaron bayan gida ya nuna, Lai'atu ta ce in ban hau na kaɗo ba ita za ta hau, maƙwabta su ga irin mijin da take da shi.

Laraba, 4 ga Afrilu

Sunayen baƙi sun zo ta waya. Biyu daga Jos, uku daga Zariya, ɗaya daga Makurɗi. Ɗaya daga Inugu: Alexander Okorie.

Yana da rai. Ya Ubangiji, yana da rai. Na gode maka.

Alhamis, 5 ga Afrilu

Jiya na kasa rubuta fiye da haka. Na zauna a kan dakalin kulob har Rufus ya tambaye ni ko zazzaɓi ne. Na ce e.

Shekara shida da rabi ina cika littattafai irin wannan da maganar ruwan sama da rashin jin 'yan aji shida, ban taɓa rubuta wannan ba. Bari in rubuta yau, tunda mutumin yana zuwa.

Oga Alex shi ne mai buga waya a tashar jirgi tun ina saurayi. Shi ya zaunar da ni a barandarsa ya koya mini ces, matarsa Emilia tana ba mu shayi tana yi mana dariya, wai manyan maza biyu sun tasa 'yan itace a gaba kamar masu duba. Kullum shi ne mai fararen 'ya'ya, kullum buɗin wasa ɗaya yake yi, buɗin Italiya. Yakan ce masu shi suna kiransa wasa mai sanyi. Sanyi a ina! A hannunsa dai wuta ne. Kafin ka ankara ya jefa maka bishof ko doki kyauta, ka ci kana murna, bayan tafiya biyar sarkinka ya rasa wurin ɓuya.

Ga shi da bin doka kamar alƙali. Ko a baranda, in aiki ya katse mana wasa, sai ya yi yadda ake yi a gasa: wanda tafiya take kansa ya rubuta ta a takarda, ya sa a ambulan, ya liƙe, ba a buɗewa sai ranar da aka koma. Don kada wani ya kwana yana tunani ɗayan bai samu ba. Haka muka yi a ƙarshen Satumba na 66. Mun yi tafiya goma sha huɗu, aka aiko kiransa tasha, ya rubuta ta sha biyar ya lashi ambulan ya ce, "Ticha, jibi za ka mutu."

Jibin ne gari ya rikice. Ana bin 'yan Ibo gida-gida. Lai'atu tana Madakiya wurin uwarta, ni kaɗai ne a gida, na sa sakata. Da la'asar aka ƙwanƙwasa. "Ticha. Ticha, ni ne." Na san muryar. Na ji kukan jaririya a bayansa. Ina tsaye, tsakanina da ƙofar bai kai taki biyu ba, ƙafata ta ƙi motsi. Ya kira sau uku. Sannan shiru.

Da na buɗe, can bayan kusan awa guda, sai akwatin ces ɗinsa a bakin ƙofa. Ambulan ɗin yana ciki, a kan 'ya'yan ces ɗin.

Shi ke nan. Na rubuta.

Asabar, 7 ga Afrilu

Na kaɗo mangwaro. Na faɗo daga reshe na biyu, ba abin da ya same ni sai mutunci.

Lahadi, 8 ga Afrilu

Bayan sujada na faɗa wa Lai'atu. Tana tsince shinkafa a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce Mero maƙwabciyarmu ta gaya mata tun makon da ta dawo daga Madakiya, ta katanga ta gani. Na ce shekara shida kin sani kika yi shiru? Ta ce, "To kai ka yi magana? Ka ɗauka ban san abin da ya sa kake leƙen taga kana wane ne, wane ne, ko 'yar talla ce ta buga ƙofa ba?"

Na ji haushi ƙwarai. Na fita na zagaya filin makaranta sau biyu. Da na dawo haushin ya tafi, sai wani sauƙi da ban san sunansa ba. Matar nan ta zauna da ni duk shekarun nan tana sane, tana dafa mini tuwo, ba ta taɓa goranta mini ba ko da faɗa ya yi faɗa. Kuma mun yi faɗa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ban cancanta ba, amma na gode.

Na ce mata in ƙuri'a ta haɗa mu zan bar masa wasan. Ta ajiye faifan. "Wato ka sake rufe masa ƙofa ke nan." Na ce ina ruwan wannan da ƙofa? Ta ce mutum ya taso tun daga Inugu don ya yi wasa, ni kuma in zauna a gabansa in ɓuya. Ba ta san doki daga bishof ba, amma ta iya kashe mutum da magana.

Talata, 10 ga Afrilu

Na sauko da akwatin daga saman kabad. Gizo-gizo ya yi gida a murfin. 'Ya'yan suna nan cif, talatin da biyu, har farin dokin nan da kunnensa ya karye. Ambulan ɗin ya koma ruwan ƙasa. Ban buɗe ba. Ba nawa ba ne.

Amma na san abin da ke ciki, ko in ce na yi imani na sani. Bishof ɗinsa zai ci sojan da ke gefen sarkina, ya ba da kansa. Halinsa ke nan. Shekara shida ina neman amsar wannan tafiya a kaina, a kan keke, a ɗakin malamai, har a coci lokacin wa'azi, Allah ya gafarta mini. Kuma na samo. In ya jefa bishof ɗin, na cinye shi, ba ja. Amma tun daga ranar ban ƙara yarda an yi buɗin Italiya da ni ba. Duk wanda ya fara shi a kulob sai in kauce ta wata hanya.

Laraba, 11 ga Afrilu

Na je kasuwa wurin Alhaji Nuru mai citta. Rabon da in bi ta layinsa tun 66, sai in zagaya ta wurin masu doya ko da rana tana dukana. Shi ne ya ɓoye Oga Alex da iyalinsa a sitonsa kwana biyu a bayan buhuna, ya sa su a motar citta zuwa Makurɗi. Wannan kowa ya sani daga baya. Abin da ya faru da su bayan Makurɗi, da yaƙi ya zo, ba wanda ya sani.

Ya tsufa. Ya gan ni ya ce, "A'a, Malam Silvanus, ashe kana gari?" Ya sa aka kawo mini kujera. Na gaya masa Oga Alex yana zuwa, ya ɗaga hannu biyu yana alhamdu lillahi, idonsa ya kawo ruwa. Sai na ji bakina yana cewa, Alhaji, wurina ya fara zuwa. Ya ce ya sani.

Ya ce, "Malam, kada ka mai da ni waliyyi. Ni ma cikina ya ɗuri ruwa ranar. Sakatar sitona ce ta lalace, sun turo sun shigo kafin in yi shawara." Yana dariya. Ban yarda ba, na san sitonsa, kwaɗo biyu yake sa wa. Amma na gode masa da ya faɗa. Ya cika mini aljihu da citta, wai don tarina.

Alhamis, 12 ga Afrilu

Jirgin Gabas ya shigo ƙarfe huɗu. Na ji kukansa daga gida. Na sa takalmi, na cire. Ban je ba.

Jumma'a, 13 ga Afrilu

Na gan shi. Ya rame, kai duk furfura, rigar ta yi masa yawa. Tafiyar dai tana nan, kamar mai sauri zuwa kama jirgi. Yana can ƙarshen zaure yana gaisawa da tsofaffin abokan aiki, ya juyo, idonmu ya haɗu. Ya ɗaga haɓa kaɗan. "Ticha." Shi ke nan. Na buɗe baki, Rufus ya kaɗa ƙararrawa ya karanta doka: ba magana da abokin wasa, abin da ka taɓa shi za ka tafi da shi, kowa ya rubuta tafiyarsa, kowa ya danna agogo.

Na ci wani ɗan Zariya da safe, mai yawan gyaran tabarau. Da rana na ci na Makurɗi, shi ya ba ni sarauniyarsa da kansa, ban roƙa ba. Oga Alex ma ya ci biyu. Da aka tashi mutane sun kewaye shi, na sulale ta ƙofar baya kamar ɓarawon akuya.

Rufus ya aiko da takarda gida. Gobe ƙarfe tara, tebur na ɗaya. Okorie fari, ni baƙi.

Asabar, 14 ga Afrilu

Bari in rubuta shi daki-daki kada in manta ko kaɗan.

Na sa ambulan a aljihun riga, akwatin kuma na ɗaure a bayan keke. Lai'atu ta raka ni har bakin hanya, abin da ba ta yi ba tun muna sabon aure, ta ce in na bar masa wasan kada in dawo mata gida.

Muka zauna. Muka yi musabaha, hannunsa ƙashi zalla. Ba magana, doka ce. Wallahi ban taɓa gode wa doka irin yau ba, don da an ce in yi magana ban san ta inda zan fara ba.

Ya tura sojan gaban sarki taki biyu. Na mayar masa da irinsa. Ya fito da doki, na fito da nawa. Sai ya ɗauki bishof ya kai shi inda yake kai shi kullum, yana hararar sojan nan mara gata na gefen sarkina. Buɗin Italiya. Ya danna agogo ya harɗe hannu, bai dube ni ba.

A nan ne nake kaucewa duk shekarun nan. Ina da hanya biyu ko uku da na saba. Na zauna minti shida, agogona yana ci, Rufus yana leƙowa ko barci nake. Sannan na fito da nawa bishof ɗin na ajiye shi daura da nasa, yadda ya koya mini a baranda.

Ya ɗan saki numfashi. Na ji.

Ta huɗu, ta biyar, ta shida, sarakuna suka shiga ɗaki. Wajen ta takwas na gane ba buɗin kaɗai yake yi ba. Wasanmu ne. Na 66. Tafiya bayan tafiya, ba takarda a gabansa, bayan yaƙi da gudu da duk abin da ban sani ba, mutumin nan yana riƙe da shi a ka. Ni ma na bi shi. Ba mu yi minti goma ba muka kai ta sha huɗu. Masu kallo suka fara taruwa, sun ɗauka wani sabon ilimi ne daga littafi.

Ga mu a daidai inda aka aiko kiransa tasha. Ambulan yana aljihuna, ina jin gefensa a ƙirjina. Na ce a raina, jefa bishof ɗin, Oga, jefa, yau za ka ga aikin shekara shida.

Ya yi minti ashirin yana kallon allo. Hannunsa ya je saman bishof, bai taɓa ba, ya dawo. Sai ya tura wani ɗan soja na can gefe taki ɗaya. Taki ɗaya tak! Tafiyar tsohuwa mai gyaran ɗaki.

Kai! Shekara shida da rabi na tunani, duk sun bi ruwa. Dariya ta kusa ƙwace mini a tsakiyar zaure. Daga nan ba ni da komai a ka sai abin da ke gabana, na kuwa yi wasa da dukan ƙarfina, Allah ne shaida, Lai'atu ma ta iya tambayar Rufus. Awa huɗu. Bai jefar da ko soja ɗaya ba. A hankali ya riƙa matse ni, kamar mai ɗaure kayan keke, nan ya ja, can ya ja, har na rasa inda zan motsa. A ta arba'in da uku na kwantar da sarkina. Rigata ta jiƙe sharkaf. Tasa ma, na duba.

Muka fita bayan kulob ƙarƙashin dalbejiya. Na kwance akwatin na ajiye a gabansa, na miƙa masa ambulan. Ya juya shi, ya ga ba a taɓa ba. "Ba ka buɗe?" Na ce doka ta hana. Ya yage. Bishof ya ci soja, da rubutunsa mai kwanciya. Na nuna masa amsata a kan allon, tafiya biyar, ya bi da ido, sai ya fashe da dariya har yana tari. "Ticha! Shekara nawa kana gadin kuskure!" Na ce to me ya hana ka yi shi yau? Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Yanzu ba na jefar da mutanena."

Sai na faɗa. Ban tsara ba, haka ya fito. Na ce Oga, ranar nan ina ciki.

Ya ce ya sani, ya ji tarina. Ya ce amma kada in damu, shi akwatin kawai ya kawo mini ajiya, ba wani abu ba, dama wurin Alhaji za su.

Ga hanya ya buɗe mini, fetal, in bi in wuce. Na so in bi. Na ce a'a, Oga. Na ji kukan yarinya.

Ya daɗe yana murza farin dokin nan mai karyayyen kunne. Ban san minti nawa ba. Ya ce ya yi fushi da ni shekara biyu, yana kirana sunaye a daji. Ya ce daga baya shi ma akwai ranar da aka kira shi daga waje bai fita ba, ba zai ba ni labarin ba, kada in tambaya. Sannan ya laluba aljihu ya fito da hoto. Emilia, ta yi ƙiba. Gefenta wata 'yar siririya da kayan makaranta, haƙoran gaba babu.

"Edna. Mai kukan nan. Aji biyu yake yanzu. Ya fi ka iya Italiya."

Har yau bai koyi bambanta "ta" da "ya" a Hausa ba. Na yi kuka, ni Silvanus, mataimakin hedimasta, a bayan kulob, 'yan Jos suna wucewa. Bai ce in daina ba. Ya jera 'ya'yan a allo yana jira in gama.

Lahadi, 15 ga Afrilu

Ya ci abinci a gidanmu bayan sujada. Lai'atu ta yanka zakaran da take ajiye wa Ista. Da ya iso bakin ƙofa ya tsaya, ni ma na tsaya, sai Lai'atu daga ciki: "Ku shigo mana, ko sai an kawo muku makaɗa?" Da yamma muka je wurin Alhaji Nuru. Suka rungume juna, sai Alhaji ya hau faɗa wai har yau buhunansa biyu suna warin fitsarin jaririya.

Ubangiji, ban san yadda ake gode maka a kan irin wannan ba. Ka karɓa haka nan.

Litinin, 16 ga Afrilu

An gama. Wani ɗan Jos ya ɗauki kofi, Oga Alex na biyu, ni na biyar. Rufus ya ce ban kunyata Kafanchan ba sosai.

Talata, 17 ga Afrilu

Na raka shi tasha. Ya ƙi karɓar akwatin. Ya ce yana da wani a Inugu, wannan na nan ne, kuma za mu ci gaba ta gidan waya, kati ɗaya tafiya ɗaya, wannan karon ni ne fari. Na ce wasa ɗaya sai ya ci shekara biyu. Ya ce ina sauri ne? Ambulan ɗin da ya yage ya cusa mini a aljihu, jirgi yana motsi, wai in ba 'yan ajina su ga yadda ba a yi.

Alhamis, 19 ga Afrilu

Na aika kati. Sojan gaban sarki, taki biyu.

Laraba, 2 ga Mayu

An koma makaranta. 'Yan aji shida sun dawo da kai kamar an wanke, ko jadawalin sau bakwai babu. Amsa ba ta zo daga Inugu ba tukuna, gidan waya sai addu'a. Na jera allon a kan tebur, Lai'atu tana mita wai ta rasa inda za ta ajiye kwano.

Ruwa mai ƙarfi da la'asar. Ana cikin yinsa aka buga ƙofa, wata mata ce mai itace daga ƙauye, ta jiƙe jagab, tana neman inda za ta fake. Ta sha kunu, ta tafi da aka ɗauke.

Bayan ta tafi Lai'atu ta riƙa kallona tana murmushi. Na ce mene ne? Ta ce ba komai, wai ba ta ji na ce wane ne ba. Ni ban lura ba. Ruwa ake yi, mutum yana waje, sai a tsaya tambaya?

Gobe in tuna in sayi alli.